Muryar Manu a Kaset

Hamidu ya dawo daga mashekari, zangon makiyaya, da hantsi, ya tarar da garken mahaifinsa fayau, sai turaku da kashin shanu. Ko arba'in ba a yi wa tsoho Manu ba. Kafin azahar yana caji ofis na Gusau, yana ƙarar Lawali dillalin shanu.

Sajan Yari ya ɗauka sata ce irin wadda ya saba, sai ya ga Lawali ya zo da ƙafarsa, rataye da rikoda kamar mai zuwa biki. A gaban alƙali ya danna, muryar mamaci ta cika ɗakin: "Shanuna na ba Lawali. Hamidu, kada ya taɓa."

Kotu ta ruɗe. Masu raunin zuciya suka yi waje, takalma a hannu. Alƙali ya gyara rawani ya ce, "Shaida ana rantsar da shi, a yi masa tambaya. Wannan abu ba ya rantsuwa, ba ya amsawa. Amma na san Manu, muryarsa ce. Sajan, in ba ka kawo min dalili ba zuwa Litinin, shanu na Lawali ne."

Yari mutum ne da abu mai wuya ke sa wa daɗi. Ya haye babur ya nufi rugar da ke bayan Bungudu, kaset a aljihu.

Ya fara da Tambaya, ƙanen Manu, wanda ya kwance wa Lawali shanun.

"Mi yas sa ka ba shi?"

"Yayana na ji, Sajan. In musa wa wanda ke kabari?"

Idonsa ya kumbura don kuka, ga shi ko maraƙi bai samu ba. Yari ya cire shi daga zargi.

Sai Inno, matar mamacin. Ta saurari kaset ɗin kai a sunkuye. Yari ya tambaye ta ina Hamidu yake ranar da aka kora shanun.

"Wancan yaron? Yana mashekari."

"Wane yaro, Inna?"

Ta kau da kai. "Wanda yak kai ƙara."

Yari ya matso kusa. "Shi ne ɗanku na fari?"

Ta ɗaga kai kawai.

"Marigayi ya taɓa kiran sunansa?"

"Ko da wasa. Har ƙasa ta rufe mai ido."

Bai tsaya shan nonon da aka damo masa ba. Ya bi kwalta har Tsafe, shagon Rabi'u mai gyaran rediyo, inda mutane ke ɗaukar murya su aika wa dangi na nesa.

"Ka san Manu?"

"Awo. Bara Lawali ya kawo shi, ya yi saƙo zuwa ga ɗan'uwansa a Sudan."

"Mi yac ce?"

"Labarin gida. Ya ce shanunsa lafiya, bijimi ɗaya ya ba Lawali ya sayar. Ya daɗe yana faɗa kan wani Hamidu na Wonaka, wai kada ya taɓa mai burtali, hanyar shanunsa."

"Wa yat tafi da kaset ɗin?"

"Lawali, shi zai aika. Kwanan baya kuma ya ari rikoda biyu, har ya ce in nuna mai yadda ake liƙe zaren kaset in ya tsinke."

Yari ya kusa rungumar mutumin. Ba a kai dare ba, da la'asar aka binciki ɗakin Lawali a Gusau, aka zaro tsohon kaset daga cikin matashi, zarensa duk gaɓa-gaɓa da salatif.

Ranar Litinin kotu ta cika har taga. Yari ya dubi Lawali ya ce, "Malam Lawali, ya sunan ɗanka na fari?"

Lawali ya buɗe baki, ya rufe. Aka yi dariya.

"Ranka ya daɗe, kai ka gani," in ji Yari. "Dillalin birni ma ya kasa, balle Bafulatanin ruga. Kowace kalma Manu ne ya faɗa, amma a wata magana, kan wani Hamidu daban. Lawali ya yanka da reza, ya jera yadda yake so, ya juye a sabon kaset don kada a ga ɗinkin. Abu ɗaya ya manta: uba ba ya kiran wannan suna."

Ya ɗaga zaren, mutane suka yi ta leƙe. Lawali ya zame ƙasa yana cewa sharrin Shaiɗan ne.

Alƙali ya ce, "Murya ta Manu, magana ta Lawali. Daga yau duk wanda ya kawo min na'ura shaida, ya zo da mutumin da zai rantse a kanta."

Da aka koro shanun gida, Inno ta roƙi Yari ya sake kunna kaset ɗin. Ya ce ai ƙarya ce a ciki. Ta ce ta sani. Ta dubi ɗanta da ke tsaye bakin garke, ta ce, "Bari dai ya ji. Bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba."