Ba Ɓata Suka Yi Ba

Kullum manhajar da ke adana tarihin aikin wani ofis sai ta yi ƙorafin wasu fayiloli: sunayensu na nan, su kuwa babu. Kullum idan wani matashin ma'aikaci ya kai maganar, shugabansa sai ya ce masa, "Ƙyale su, Sarkin Gaggawa." Wannan sakaci ya ishi matashin, ga shi gobe za a miƙa aikin. Da ofis ya watse da daddare, ya zauna cire sunayen.

Yana goge na farko, fanka ta tsaya. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika ɗakin.

"Ƙanena, ba ɓata suka yi ba," in ji wata murya marar numfashi. "Ban gama da su ba ne."

Kujerar gefensa, wadda ba a taɓa ba tun rasuwar abokin aikinsa mai ita, ta juyo a hankali.