Tudun Rami na Shida

Da safe direban katafila ya murza makulli, injin ya yi tari ya mutu. An ɗura wa tankin yashi.

Sajan Farida ta 'yan sanda ta iso filin wasan golf na garin Zuru rana ta ɗaga. Ramin ƙwallo tara ne a filin, a gindin dutse. Ba a dasa ciyawa a bakin ramukan, sai yashi da aka cuɗa da baƙin mai. Hanyar rami na shida kuwa kwana take yi, ta kewaye wani tudu mai bishiyar ɗorawa ɗaya. Tudun ne kwamitin filin ya kawo katafila ta baje.

Farida ta shinshina yashin tankin. Warin baƙin mai.

Ta fara da Mode, makiyayin da aka tare wa burtali.

"Ina kake jiya?"

"Ribah, Sajan, wajen suna. Yanzu na sauka daga mashin."

Mai mashin ya shaida.

A bakin rami na shida aka ɗebi yashin, amma an sake share wurin, zobe cikin zobe. Ta kira Aaron mai gyaran fili.

"Shararka ce?"

"A'a, ni miƙe nake ja. Wannan hannun Baba Abel ne."

Abel tsohon soja ne, shi ya zana filin. Ta tarar da shi a zauren gidansa, 'yarsa Dinah tana ba shi kunu a baki.

"Baba, don me ka kewaye tudun nan?"

Ya yi murmushi. "Wane tudu, 'yata?"

Hannunsa ko cokali ba ya riƙewa. Farida ta juya.

"Dinah, mai ɓarna ba ya tsayawa gyara. Wanda ya ɗebi yashin nan yana ƙaunar filin, kuma a hannun Baba ya koyi shara. Baba ba zai iya hawa katafila ba. Saura wa?"

Dinah ta ajiye kwanon.

"Mamata ce kwance a can, tun wurin yana gonarmu. Don ita ya lanƙwasa hanyar. Na gaya wa kwamiti, suka ce ba su ga alamar kabari ba. Suka zo suka tambaye shi, ya ce bai sani ba." Ta dubi Baba. "Shi ya manta, Sajan. Ni ban manta ba."

Farida ta jira har Dinah ta gama ba shi kunun, sannan suka tafi ofishin 'yan sanda.

Aka ba da belin Dinah, amma wata katafilar ta zo. Abin da Farida ta iya kawai shi ne ta sa a jira dangi su ɗauke ƙasusuwan zuwa maƙabartar coci.

Bayan an baje tudun, Dinah ta turo Baba filin a keken guragu. Ya daɗe yana kallon miƙaƙƙiyar hanyar.

"Ba haka na zana ta ba."

"Me ya sa, Baba?"

Ya buɗe baki. Hawaye ne kawai suka zubo masa.