Fulogin da Lawal Ya Jefar

Rana ta yi ja a bayan dutsen Kufena sa'ad da babur ɗin Lawal, akawun kotu, ya mutu a gindin wata tsamiya. Ya buga kik har ya gaji. Sai ya ciro sufana, ya kwance fulogi, ya ga bakinsa ya yi baƙi ƙirin, ya ƙone. Zafin ƙarfen ya gasa masa yatsu, ya yi tsaki, ya wurga shi cikin kogon itacen ba ko bisimilla. Ya ɗaura sabo, babur ya tashi. Ya ji kamar kukan jariri a bayansa, amma bai waiwaya ba.

Tun daga ranar gidansa na Ƙofar Gayan bai sake ganin magariba lafiya ba. Da liman ya yi sallama, sai duwatsu su fara sauka a kan kwano, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Hajo matarsa ta ɗauki ɗaya, ta yar da shi, domin zafi ne da shi kamar garwashi. Warin fetur ya cika ɗakuna. Duk fulogin da Lawal ya ɗaura da safe, kafin la'asar ya ƙone.

Sannan abin ya koma kan 'yarsu Asama'u. Idonta na hagu ya rufe ruf, ta daina magana, sai dai ta zauna tana kallon ubanta da ɗayan.

Aka kira Malam Jalo, dattijon malami daga Ƙofar Jatau. Ya shimfiɗa buzunsa, ya daɗe yana karatu, har yarinyar ta buɗe baki da muryar tsohuwa. Ta ce ƙarfen wuta ya faɗa wa jikanta a ido yana barci, kuma ba za ta tafi hannu wofi ba. Malam ya tuna mata cewa mutumin bai san akwai aljanu a kogon ba, ya ce ta ji tsoron Allah, za a yi sadaka a nemi gafara. Ta yi dariya, ta ce sadaka ba ta gani.

"To, me yarinya ta yi miki?" in ji Malam.

"Me nawa ya yi masa?"

Malam ya ɗaga hannu yana hana Lawal magana, amma ya makara.

"Ni na jefa," in ji Lawal. "Ki sake ta, ki ɗauki idona."

"Na ji," in ji muryar.

Asama'u ta yi atishawa, ta zube jikin uwarta, ta buɗe idanu duka biyu tana kuka. Duwatsu suka tsaya. Lawal ya juya zai yi wa Malam godiya, sai ya tambayi Hajo wa ya kashe fitilar da ke hagunsa.

Fitilar na nan tana ci.