Rabin Ƙwaya a Tiren Shayi

"Rabi kawai, Auta! Haɗiye ki kora da ruwa!"

Gwaggo ce ta turo ƙofar kicin da ƙafa, ta danna mata rabin farar ƙwaya a tafin hannu. Can a falo mahaifiyar Kafinta na zaune, ta zo ganin yarinyar da ɗanta ya kafe sai ya aura.

Auta ta zuba wa ƙwayar ido. Ta san ta sarai. Ita ta raba ta da makaranta, ita ta kwantar da ita a asibiti.

"Gwaggo... na daina fa."

"Dalla rufe min baki! Dubi yadda hannunki ke karkarwa. Haka za ki kai wa surukarki shayi? So kike ki ba mu kunya?"

Kunya! Wai yau Gwaggo ce mai jin kunya. Matar da ko sau ɗaya ba ta leƙa Auta a asibiti ba, amma ta bi gida-gida da labarin 'yar ɗan'uwanta 'yar ƙwaya, har da ƙarin gishiri. Kowa kuma ya san wa take wa kwaɗayin Kafinta: tata 'yar, wadda ke falo yanzu ta sha hoda kamar an tsoma ta a buhun gari, tana yi wa baƙuwa fifita alhali fanka na juyawa. Lissafin a fili yake. In Auta ta haɗiya, ta shiga da ido a lumshe da harshe mai nauyi, magana ta mutu.

Auta ta gane. Sai dai jikinta ba ruwansa da lissafin kowa, ƙwayar yake so.

Ta ja 'yar kujerar da Kafinta ya ƙera mata don wannan zaman, ta zauna, ta rufe ido. Haka malamarsu ta asibiti ta koya musu: kada ki yi kokawa da tsoro, ba shi wuri. Ja numfashi a hankali, ki sake shi da istigfari.

"An fara!" Gwaggo ta tafa hannu. "Waliyyiya ta lula! Baƙi na jira, ke kina shaƙar iska!"

Auta ta ci gaba da jan numfashinta. Ta ja, ta saki. Ta ja, ta saki...

Karkarwar ba ta tafi ba. Amma da ta buɗe ido, ƙwayar na nan a hannunta, ba a cikinta ba. Ta ajiye ta a tire, gefen kofuna, ta ɗauka.

"Ke! Ina za ki da ita?"

Ta wuce abinta.

Kofuna na ƙarar haɗuwa da juna ta shiga falo. Kafinta na tsaye a bakin ƙofa, ya dube ta ya ce ƙasa-ƙasa, "Sannu, zuciyata. Ina nan."

Ta durƙusa ta gaishe da tsohuwar. Da ta zo zuba shayi, rabinsa a tire ya ƙare. 'Yar Gwaggo ta ƙyalƙyale da dariya.

Tsohuwar ta taɓe baki, ta dubi ɗanta. "Wannan ce? Duk matan garin nan?" Sai idonta ya faɗa kan tire. "Wannan kuma mene ne?"

"Abin da nake sha a da ne, Mama."

"Umma, na faɗa miki komai tun..." Kafinta ya fara.

"Yi min shiru, ba da kai nake ba. Ke, me ya kawo shi tirena?"

"An ba ni ne yanzu a kicin, wai in sha hannuna ya tsaya, kada in ba da kunya." Hawaye ya zubo mata. "Da na sha, da shayinki bai zube ba, Mama. Ina son ɗanki... wallahi ina sonsa. Amma gara ki gan ni a haka ki ƙi ni."

Fifitar 'yar Gwaggo ta tsaya cak.

"Wa ya ba ki?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ba ta ambaci kowa ba. Ba a ma buƙata, don Gwaggo da ta biyo ta falon ta riga ta fara rantse-rantse ba wanda ya tambaye ta, gefen mayafinta na kaɗawa a hannunta.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon Auta. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki kofin nan mai rabin shayi, ta shanye tas.

"Ƙaro min, 'yata. In ya zube, ɗana kafinta ne, ya ƙera miki tire mai zurfi. Mako mai zuwa kawunnansa za su zo neman aure."

Kafinta ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. Auta ta rufe fuska tana kuka tana dariya.

Tsohuwar ta sa ɗan yatsa ta tura ƙwayar gefen tiren da ke kallon Gwaggo.

"Ungo kayanki, baiwar Allah. Na ga hannunki ya fi nata rawa."