Kujerar Gaba

"Ba zan shiga motar nan ba, Nasiratu."

Ta tsaya da takardun asibiti a hannu tana kallona. A waje direba ya sake danna hon, ƙaramar unguwarmu ta Al Wakrah ta amsa.

Sunana Lado. Saja ne ni a soja kafin nakiya ta tafi da ƙafata ta hagu a daji. Wata ƙungiyar agaji ce ta kawo ni Doha tare da matata Nasiratu, aka saka ni cikin waɗanda ake gwada wa sabuwar ƙafar roba. Duk Litinin da Alhamis motar ƙungiyar kan zo ta kwashe mu, tsofaffin sojoji huɗu, ta kai mu asibiti ta dawo da mu. An faɗa mana tun farko, wanda ya fasa zuwa sau uku za a ba wani gurbinsa.

Direban shi ne Ismail. Dogo ne, mai fara'a, ya shekara shida a Qatar. Shi yake sauke ƙarfen ɗaga keken guragu, ya tura ni ciki, ya durƙusa ya ɗaure tayoyin, ya ce, "Yalla Saja, mu tafi." Mu a baya ake ɗaure mu. Da yake babu wurin zaman ɗan rakiya sai wata 'yar kujerar ninkewa mai ciwon baya, Nasiratu a gaba take zama.

Tun ranar farko ita da Ismail suka gano dukansu 'yan Zariya ne. Daga nan hira ta ɓarke. Ni kuwa ina baya, ina kallon ƙeyarta da hannunsa a kan sitiyari. Ina jin yadda take dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin in tafi daji. Duk lokacin da ya taka birki sai idona ya kai kan ƙafarsa ta hagu, wadda take ajiye kawai ba ta aikin komai.

Wata biyu ina haɗiye abin, har ya kai ba na iya cin abinci ranar zuwa asibiti.

Ranar da na ƙi shiga motar, Ismail ya jira minti goma sannan ya tafi da sauran. Nasiratu ta lallashe ni, ta kira ni da duk sunan da ta san yana sanyaya min rai, na juya wa bango fuska. Litinin ma haka na yi. Saura sau ɗaya ke nan.

Ta ajiye jakarta a hankali ta zauna gefen gado. Ta tuna min mun baro 'yarmu Mufeeda a hannun mahaifiyata saboda wannan ƙafar, yarinyar kullum a waya tambayarta yaushe Abba zai kai ta makaranta. Ta roƙe ni in faɗa mata abin da aka yi min.

"Ki je ki bi motar ke kaɗai mana," na ce. "Ai mai ƙafa biyu yana jiran ki."

Ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ba ta yi kuka nan take ba.

"Abban Mufeeda... ni kake faɗa wa haka?"

Na ce ta rantse ba ta jin daɗin hirarsa.

"Ba zan rantse ba, ina jin daɗi," ta ce. "Shekara guda ina ɗaga ka, ina wanke maka ciwo, ban taɓa gajiya ba, don kai nake so. Amma yaushe rabon da ka yi min magana wadda ba ta magani ba? A garin nan ban san kowa ba. Mutum ya tambaye ni labarin gida da Hausa, na amsa, shi ne ya zama laifi?"

Ta tashi ta shiga banɗaki ta buɗe famfo. Duk da ƙarar ruwan ina jin kukanta.

Ranar Alhamis na shirya da kaina tun kafin ta yi magana. Amma da motar ta tsaya, wani direba ɗan Nepal ne ya sauko. Job, wani kofur ɗan Filato da ya rasa hannu ake gwada masa na roba, shi ya gaya min a hanya cewa Ismail da kansa ya je ofis ya nemi a canza masa layi. Ya ce ya lura da kallon da nake masa ta madubi, kuma ba zai zama dalilin da soja zai rasa ƙafa sau biyu ba. Job ya ƙara da cewa su ma na cuce su, domin Ismail kaɗai ne yake tsaya musu su sayi shayi.

Nasiratu ta zauna a 'yar kujerar nan ta baya, kusa da ni, gwiwarta tana gogar tayar kekena. Abin da na yi wata biyu ina so ke nan. Muka bi gefen teku, muka wuce jiragen katako da ke ɗaure a Corniche, idonta yana kan taga. Duk kwanar da aka sha sai ta dafe bayanta.

Da muka dawo na karɓi lambar Ismail a wurin Job. Na daɗe ina juya wayar kafin in kira. Na ba shi haƙuri, na ce ban gan shi da laifi ba, lafiyarsa ce ta tsone min ido. Ya ce khalas, ya wuce, zai dawo layinmu idan ofis ya yarda. Ba zan yi ƙarya ba, ko a lokacin sai da kishin ya motsa min, amma na ce masa muna jira.

Na tura kekena har kicin, inda take yanka albasa. Na kama gefen zanenta na ce ta yafe min.

"Ba a zaune ba," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Ka yi min wannan maganar kana zaune. Haƙurin a tsaye nake so, kuma ka tako ka same ni."

Sati uku ta yi tana kula da ni kamar kullum, abinci, magani, wanka, amma babu hira. Ni kuma ban sake fasa zuwa ba. Na faɗi a ɗakin gwaji ya fi sau goma, dungulmin ya kumbura ya saɓe, na ci gaba.

Ranar da likita ta ce in saki ƙarafan riƙewa, Nasiratu tana can ƙarshen ɗakin ta rungume jakarta. Na saki. Taku bakwai ne tsakaninmu, kowanne sai da na ji shi har tsakiyar kaina. Da na isa na dafa kafaɗarta, numfashina yana sama, na rasa duk kalaman da na tanada.

"Nasi... ga ni."

Ta ɗaga kai don ta ga fuskata, domin ta manta na fi ta tsawo. Hawaye suka zubo mata.

"Na yafe tun a kicin," ta ce. "Riƙe ni da kyau, kada ka faɗi."