Ƙara Kaɗan, Bukari

Duk Sokode ta ƙasar Togo babu kunne irin na Bukari mai gyaran rediyo a unguwar Didawure. Shi ya faɗa. Wai ko ya kwanta barci yana jin ampuli, na'urar ƙara sauti, idan ta fi ƙarfin sifika. To, shi ɗin ne dai ya ɗaura wa motar Alhaji Hammajoda, mai fataucin shanu, wata ƙatuwar ampuli a kan 'yan sifiku biyu kamar marfin kofi. Ampulin kuwa daga wata mota da aka ƙona a zanga-zanga aka ciro ta. Bai tambayi ta wane ne ba.

Lokacin wani yajin aiki ne, hanya yau a buɗe, gobe a rufe. Alhaji ya ce, "Shigo mu tafi Dapaong, ka ƙarasa saitin a hanya."

Dab da magariba, sun kusa gari, suka tarar an gicciye itace a titi. Babu kowa. Sai warin taya da ta ƙone. Alhaji ya ɗauki buta ya gangara.

Bukari ya ce bari ya saita gen, ɗan makunnin da ke ƙayyade ƙarfin da ampuli za ta tura. Ka'idarsa ɗaya ce: a mayar da shi ƙasa, a sa kaset, a murɗa a hankali har sauti ya fara tsagewa, sai a koma baya kaɗan.

Ya sa sukudireba. Ya manta bai sa kaset ba.

Shuuu. Cikin shuuu ɗin, numfashi.

"Ƙara kaɗan."

Ya ɗauka wata tasha ce ta shigo. Ya murɗa.

"Ƙara kaɗan, Bukari. Ba a jin mu."

Hannunsa ya murɗa, ba da izininsa ba. Muryar ta bar sifikun ƙofa ta dawo kujerar baya. Kujerar ta lotsa. Warin gashi da ya babbake ya cika motar.

Ya fizge fiyus. Fitilar ampuli ba ta mutu ba.

"Saura kaɗan mu fito."

Iska mai zafi a kunnensa na hagu.

Sukudireba na juyawa. Gen ya kusa ƙurewa.

Fat!

'Yan sifikun suka kasa ɗauka, suka ƙone. Hayaƙi. Shiru. Kujerar ta taso a hankali.

Da ya sa manyan sifikun da suka dace da ampulin, da Allah kaɗai ya san abin da zai sauko daga motar nan.

Tun daga ranar, Bukari ba ya haɗa ampuli sai ya ji tarihinta, kuma ba ya kai gen rabi. Kunnen hagu kullum da auduga. Yana gaya wa mutane a shago wai kunnen ya mutu murus, ko bindiga ba ya ji.

Rannan yana cikin ba da labarin, matarsa Salamata ta kawo abinci. Ta lallaɓo ta hagunsa, ta yi raɗa can ƙasa:

"Ƙara kaɗan."

Bukari ya tsallake benci, ya kifar da miya.

"Maigida," in ji Salamata, "ba wannan ne kunnen da ya mutu ba?"

Aka kwashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya laluba ƙasa yana neman audugarsa.