Hasken Rijiyar Hanyar Darini

Da la'asar sakaliya Jafaru ya ɗauko ƙanwarsa Zuwairatu a babur daga Safana, inda ta kai jaririnta allura, za su koma garinsu Darini. Daminar shekarar 1979 ce, ya zo hutu daga jami'a. Zuwairatu mai surutu ce, tun da suka bar gari take tsokanarsa.

"Yaya, wai me kake karantawa har ka rame haka?"

Ya yi dariya. Ya ce akwai baƙin rami a can cikin samaniya, mai haɗiye duk abin da ya kusance shi. Abin da zai haɗiye sai ya yi ta kewaya bakinsa, yana zafi, har wani sashe ya tsere a miƙe kamar mashi. Aikinsa shi ne lissafa irin hasken da wannan mashi ke fitarwa.

"In ka gan shi dogo, gefe ya nufa. In ya zama ɗigo mai kashe ido, to kai yake kallo."

"Allah ya raba mu," in ji ta.

Rana ta kusa faɗuwa suna tsakiyar gonakin gero. Dab da wata tsohuwar rijiya da aka daina ɗiba, babur ya mutu.

Jafaru ya buga, ya sake bugawa. Shiru. Sai ya lura kwaɗi ma sun yi shiru. Wani wari ya taso, irin na ƙarfen da aka ciro daga wutar maƙera.

Babu iska, amma karan gero duk ya sunkuya wajen rijiyar. Ganye da tsakuwa suna kewaya bakinta, suna ƙara sauri, suna yin ja kamar garwashi. Wata balbela ta gifta. Ba ta fita ba.

"Yaya," Zuwairatu ta raɗa, "ana jan goyona."

Ya waiwaya. Majanyin ya miƙe wajen rijiyar kamar an riƙe bakinsa. Jaririn ya buɗe baki, kukan ya fito da kauri, a hankali, kamar na tsoho.

Sai haske ya fito daga rijiyar, siriri, shuɗi, ya soki sama. A gindinsa wani abu yana tauna.

Hasken ya fara gajarta.

Ba mutuwa yake ba. Jafaru ya san haka. Juyowa yake wajensu.

Ya zama ɗigo.

"Rufe ido!"

Ya rungume su, ya faɗa cikin kunyar gero da su, yana karanta Ayatul Kursiyyu da harshe mai sarƙewa. Zafi ya bi ta bayansa. Ya ji ƙaurin rigarsa. Suka yi ta jan ciki cikin laka, Zuwairatu ta danne ɗanta a ƙirji, har ƙasa ta daina jan ƙafafunsu.

Da ƙafa suka shiga Darini, ana kiran sallar magariba. A ƙofar gidansu an shimfiɗa tabarmi, maza zaune jugum. Tsoho Mati, mahaifinsu, ya ɗago kai, carbi ya faɗi daga hannunsa.

Geron da suka bari bai fid da kai ba, ga shi nan an ɗaure dami-dami a jikin katanga. Ashe sadakar arba'in ɗinsu ake yi.

Ƙunar bayan Jafaru ta warke, amma bai koma jami'a ba. Jaririn ya girma lafiya. Sai dai bai taɓa yarda ya leƙa cikin randa ba.